Ɓerayen Rabi da anzar Inna

Jiya na shiga gidanmu a Urafane, na tarar da ƙanwata Rabi, mai karatun likitan dabbobi, tana shanya 'ya'yan anza. Inna na tsaye kanta, hannu a ƙugu.

Anza ita ce abincin mutanenmu shekarar babban fari, zamanin mulkin soja, ina goye. Kwanaki ake jiƙa ta kafin ɗacin ya fita.

"Mi za ki yi da abincin yunwa?" in ji Inna.

"Ɓeraye za mu ba ruwanta, Inna. Mai da sukari muke ɗura musu har kitse ya rufe hanta, sannan mu gwada ko za ta rage ƙibar."

Wallahi sai da na zauna. Ɓera da sukari!

Inna ta ce, "Ki gaya wa malamanku, ba anza ta ramar da mu ba, rashin hatsi ne. Ita na ci na shayar da yayanki. Yayarku Hadiza da ta kasa haɗiye ta, ita munka binne."

Ni da Rabi muka kalli juna. Ba mu taɓa jin sunan nan a gidanmu ba.

Jama'a, ku tambayi tsofaffinku tun suna da rai. Me naku suka ci shekarar farin nan?