Lissafina a cikin wadirob ɗin amarya

Ina aji biyu na babbar sakandare a Jos lokacin da malamar lissafinmu ta ce saura gurbi ɗaya a cikin waɗanda za su wakilci makarantarmu a gasar lissafi ta jiha. Ni kuwa ina son gurbin nan kamar raina. Malama ta san kaina yana ja, ta kuma san ni da gaggawa, don haka ranar Juma'a ta miƙo mini tambaya ɗaya, ta ce in na kawo cikakkiyar hujja ranar Litinin gurbin nawa ne, in ban kawo ba ta ba wani.

Alwatika ce a cikin da'ira. Za ka ɗauki ɗigo ko'ina a jikin da'irar, ka sauko da layi a tsaye zuwa kowane gefe na alwatikar, sannan ka nuna cewa wurare ukun da layukan suka sauka suna kan miƙaƙƙen layi ɗaya. Da ka zana ido zai ga haka ne, amma a gasa ba a karɓar shaidar ido.

Ranar Asabar ina rumfar Baba a kasuwar Katako, kamar kowace Asabar. Baba mutum ne mai faɗa, kuma a wurinsa lissafin da ba a auna falanki da shi wasan yara ne. Ina zaune ina kallon masu lodi sai hanyar ta faɗo mini. Babu takarda a kusa. Na zari fensir ɗin da ake yi wa katako alama, na durƙusa gaban wani farin faifan katako na filawud da ke jingine, na yi ta zane da rubutu har na kai ƙarshe. Daɗi ya cika ni. Na tafi sallar la'asar ina tafe ina murmushi ni kaɗai kamar sabon ango.

Da na dawo babu filawud. Baba ya sayar.

Ban damu ba, don na ɗauka hujjar tana kaina. Da safiyar Lahadi a gidanmu na Anguwan Rogo na zauna da takarda. Farkon ya zo, ƙarshen ya zo, tsakiyar ta ce ba ta san ni ba. Na zana da'ira har takardun suka ƙare, na ci wa ƙannena mutunci ba su yi mini komai ba. Da azahar tsoro ya kai ni gaban Baba na faɗa masa.

“A jikin kayana ka yi zane?” in ji shi. “Makarantar taku ba a sayar da takarda ne?”

Ya yi faɗa har ya gaji, ni dai kaina a ƙasa. Sai ya tambaye ni ko in babu rubutun nan shi ke nan babu gasar. Na ce eh, Baba. Ya ɗauki hularsa.

Wani kafinta ne a Bukuru ya saya, tsohon abokin cinikinsa, Bayarabe mai fara'a. Muka shiga bas. Duk tsawon hanyar Baba bai dube ni ba, sai tsaki yake ja lokaci-lokaci. Mun sami kafintan ya dawo daga coci ya kama aiki, domin kayan ɗakin amarya yake haɗawa kuma masu biki sun matsa masa.

“Oga, lafiya? Katako bai yi kyau ne?”

“Katako lafiya lau. Wannan ne ya bar karatunsa a jiki.”

Kafintan ya kwashe da dariya. “Ah! Na gan shi! Na ce wane irin kamfani ne yana zana ƙwallo a kaya. Yana cikin wadirob, gobe zan shafa mashi fenti.”

Ya riga ya buga filawud ɗin a matsayin bayan wadirob, rubutun yana kallon ciki. Na cire takalmi na shige, na naɗe ƙafafu, warin sabon katako yana hawa mini kai. Ga zanena, ga farkon hujjar, ga ƙarshenta. Tsakiyar kuwa, ainihin abin da muka zo nema, an buga katakon kantar jera kaya a kai ya rufe ta ruf. Na ji hawaye suna neman zubo mini.

Kafintan ya ce shi fa ba zai kwance aiki ba, dangin amarya suna hanyar zuwa duba kaya. Baba bai yi gardama ba. Ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙa wa mutumin, ya karɓi guduma, ya ce in ya ɓata ko ƙusa ɗaya zai kawo sabon falanki. Ya sunkuya ta saman kaina yana ɓamɓare kantar a hankali, yana huci yana ce mini kauce da wannan ƙaton kan naka.

Da kantar ta fita sai ga layin rubutun da na rasa. Hujjar tana buƙatar jeri biyu na ɗigo huɗu-huɗu, kowane jeri a kan da'ira ɗaya, jeri na biyun na manta. Na kurma ihu a cikin wadirob ɗin mutane.

“Shi ne?” in ji Baba.

“Shi ne, Baba!”

“To rubuta, kuma a takarda.”

Ya riƙe mini ƙofar don haske ya shigo har na gama kwafa, sannan ya mayar da kantar da hannunsa. Ranar Litinin Malama ta karanta, ta sake karantawa, ta ce in shirya. A gasar ban zo na ɗaya ba, akwai yaran da suka fi ni nesa ba kusa ba, amma na zauna a zauren na kuma warware abin da na iya.

Baba bai taɓa ce mini na yi ƙoƙari ba. Sai bayan na tafi jami'a maƙwabcin rumfarmu yake ba ni labari yana dariya, wai tun daga ranar Baba ba ya barin a ɗora filawud a mota sai ya juya shi ya duba bayansa, ko da mai saye yana sauri. Ni ban yi dariyar ba.