Ranar da Na Auna Filin Babanmu da Tef ɗin Ɗinki

Ko zan manta komai a rayuwata, ba na jin zan manta safiyar da na auna filin mahaifinmu da tef ɗin ɗinki. A unguwar Narayi ne, a Kaduna, shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, lokacin bayan unguwarmu ma gonakin masara ne.

Babanmu ya rasu ya bar mana gida da wata tsohuwar takardar safiyo da ta yi ja don tsufa. A jikin zanen an rubuta tsawon filin ɗari da hamsin, sai wasu ƙananan haruffa a gefe da ba wanda ya kula da su. Yayana ya ce ƙafa ɗari da hamsin ke nan. Da ya auna, namu bai ko cika ƙafa ɗari ba, ragowar ta faɗa cikin gidan maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar kudancin Kaduna da muke kira Mama. Mijinta ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, ya rasu ya bar mata ɗaki biyu da kicin, duk a inda Yaya ke cewa namu ne. Ita kuwa ba ta da hujja, don gara ta cinye takardar filinta.

"Da can shiru muke yi," in ji Yaya. "Yanzu mulkin farar hula ne, kowa ya karɓi haƙƙinsa." Ya kuma yi mini alkawarin shago a wurin. Ba zan ɓoye ba, na yi murna, don na gaji da ɗinki a zaure.

Ana cikin haka wani tsoho mai gadin masana'anta a Kudenda ya kawo mini gyaran riga. A cikin hira ya ce da ƙuruciyarsa shi ke ja wa 'yan safiyo sarƙar awo. Na ɗauko masa takardar. Ya kai ta kusa da idonsa, ya daɗe yana dubawa.

"'Yata, wannan ba ƙafa ba ce. Haruffan nan gaɓar sarƙa suke nufi. Sarƙa ɗaya gaɓa ɗari ce, tsawonta ƙafa sittin da shida."

Ni dai inci na sani, shi ne abincina. Na buɗe littafin awon kwastomomi na buga: sarƙa ɗaya inci ɗari bakwai da casa'in da biyu, gaɓa ɗaya ke nan ba ta cika inci takwas ba. Filinmu sarƙa ɗaya da rabi ne, wato ƙafa casa'in da tara cif. Mama ba ta ci mana ko taku ɗaya ba.

Kwana biyu na yi ban faɗa wa kowa ba. Har yau in na tuna kunya nake ji. Shagon nake gani a raina, da kekunan ɗinki biyu da labule.

Ranar Asabar Yaya ya zo da leburori za a haƙa tushen katanga. Mama ta fito da zani a ƙirji, ta tsaya a ƙofar kicin ɗinta. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ɗana, in ka rushe nan, ina zan kai jikokina?" Maganar nan ce ta tashe ni. Na ɗauko tef ɗina mai inci sittin, na ce, "Yaya, ka ba ni minti goma."

"Ke kuma me kika sani a harkar fili?"

"Awo na sani."

Na fara daga dutsen iyaka na bakin hanya, wanda ba a taɓa jayayya a kansa ba. Ina shimfiɗa tef ina ja layi da tsinke, maƙwabta suna dariya. Sau goma sha tara, na ƙara inci arba'in da takwas, na tsaya dab da gindin katangarmu ta baya. Na roƙi lebura ɗaya ya haƙa. Na san in na yi kuskure na tozarta kaina a gaban unguwa. Bai yi nisa ba shebur ya daki abu. Dutsen siminti ne, da lambar safiyo a kansa, iri ɗaya da ta jikin takardar.

Yaya ya durƙusa ya goge ƙasar da babban yatsa, ya dubi takarda, ya dubi dutse. Can ya miƙe ya je gaban Mama ya ce, "Mama, ki yafe mini. Ban sani ba." Ta ce, "Ai kai ɗana ne." Ta shiga ta fito da kunun zaƙi, har leburorin suka sha.

Shago kam sai bayan shekara huɗu na samu, na haya, a Sabon Tasha. Mama ce ta fara kawo mini matan cocinsu ɗinkin anko.

Abin da na koya shi ne, kafin ka ce an zalunce ka, ka tambayi wanda ya sani. In kuma gaskiya ta zo hannunka, kada ka riƙe ta kana lissafin abin da za ka rasa. Ni na riƙe ta kwana biyu, kuma saura kaɗan a rushe wa tsohuwa gida ina kallo.