Motar Sajo da Hannun Bintu

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar shanu ta Potiskum ranar Laraba a shekarun casa'in ya san Sajo dillali. Dogo ne siriri, ga baki kamar reza. A ruga aka haife shi, ya yi kiwo har ƙafafunsa suka tsattsage, sannan ya gaji da daji ya shigo gari, ya tare a unguwar Dogo Tebo da matarsa Bintu, 'yar Damagum. Wajen sanin dabba kam ba a ja da shi, wannan ko maƙiyinsa ya sallama masa.

To, wannan bawan Allah ne ya kaɗa ragowar shanun gadonsa ya sayo Fijo fara ta hannu daga Kano. Tun ranar hankalinsa ya bar jikinsa. Mutum ya rasa garke, sai ya mayar da mota saniya. Da sassafe zai zagaya ta yana shafa bayanta tun kafin ya tambayi iyalinsa yadda suka kwana, ya goge ta da tsumma har mutum yana ganin fuskarsa a jikin ƙofa. Ko kaza ta gifta kusa da taya sai ta sha zagi har kakanninta.

Abin dariyar, shekarar ce mai ya yi wuya. Layin gidan mai ya miƙe har ba a ganin ƙarshensa, 'yan bumburutu kuwa suna ji da galan ɗinsu kamar turare. Mota ta zauna daram a tsakar gida ƙarƙashin darbejiya. Mai ita yana taka sayyadarsa zuwa kasuwa yana kaɗa makulli a yatsa, don kada jama'a su manta.

Ita Bintu ba mai yawan magana ba ce. Tana kiwon sa guda a turke, nata na kanta, tana ɗura masa dusa da harawa har ya zama ƙato. Ranar da abin ya faru, ruwan sama ya jiƙa ƙasa, san ya tumɓuke turkensa. Ta duba gidan kaf, ba ta ga abin da ya kai bambar mota ƙarfi ba, sai ta ɗaura igiyar a nan kafin ta ɗauko taɓarya ta sake kafa turken. Sa ya waiwaya, ya ga wani ƙaton sa a jikin ƙofar nan mai sheƙi yana harararsa. Ai kuwa ya sunkuyar da kai ya kai masa karo. Bintu ta yar da taɓarya, ta naɗe igiyar a hannu tana ja don ta ceci motar mijinta. San ya fizge ta ya maka ta da turmi, ƙashin hannu ya karye.

Aka aika kasuwa. Sajo ya baro ciniki a tsakiya ya zo a guje. A zaure ya tarar da Bintu zaune, mata sun kewaye ta, ta lulluɓe da mayafi tana cije leɓe. Wallahi ko tsayawa bai yi ba. Ya ratsa su ya wuce wurin mota, ya durƙusa gaban ƙofar da ta lotse yana salati. Mutumin da yake hango ɗingishin saniya daga nesa, ya wuce matarsa a karye bai ga komai ba. Daga can ya ɗaga murya yana tambayar wace marar hankali ce take ɗaure sa a jikin mota, ya ce ai ko a ruga ba a yin wannan ƙauyancin.

Ya Kaka, tsohuwar da ke maƙwabtaka da su, ita ta kai Bintu wurin maɗori, daga nan ta sa ta a motar Damagum. Shi kuwa gogan yana can yana neman masu tura masa mota zuwa garejin Modu bakanike. Sai da magariba ta yi bai ga tuwo ba ya tambayi ina matar gidan. Ya Kaka ta leƙo ta katanga ta faɗa masa Bintu ta karye a hannu ta tafi gidansu, ta ƙara da wasu maganganun da ba za su maimaitu ba.

Ya so ya basar. Ya ce fushin mata ne, za ta huce. Amma Larabar da ta biyo baya wan Bintu ya zo ya kwance san, ya ja shi ta gaban rumfar Sajo, ya damƙa wa wani dillalin. Matar dillali ta ba wani dillali dabbarta! Kasuwa ta samu abin taunawa. Nan ne ya gane abin ya wuce fushin mata, don ya san Bintu ba ta yin abu da wasa, kuma gidan ya yi masa faɗi.

Da Modu ya buge ƙofar ya shafe ta da fenti, Sajo ya runtse ido ya sayi man bumburutu, ya tuƙa har Damagum biko, yana ganin ai ko don motar za a karɓe shi da daraja. Surukinsa ya amsa gaisuwa a taƙaice, ya sa aka kira ta. Ta fito ta zauna a gefen tabarma, hannuwanta duka biyu cikin mayafi. Sajo ya shiga zuba: ya yafe, komai ya wuce, ƙofa ta koma kamar sabuwa, ta tashi su tafi.

Ta bar shi ya gama tsaf, sannan ta yi magana ba tare da ta ɗago kai ba.

"Na ji, Malam. Zan bi ka yanzun nan. Faɗa mini kawai, wane hannun ne ya karye?"

Mai bakin nan kamar reza ya gyara zama. Ya dubi mayafin, ya dubi surukinsa, tsohon ya kawar da kai. Sajo ya yi irin ta 'yan caca, ya ce na dama.

Bintu ta zaro hannun hagu, ɗaure da karare da tsumma, yatsun a kumbure. Ta riƙe shi a gabansa har sai da ya kalla da kyau, sannan ta tashi ta koma ciki.