Tsohuwar da Muka Zana a Bakin Rijiya

Shekarar da muka baro ƙauyenmu muka koma Isa da zama, ba ni da aikin yi sai rakiyar kawuna kasuwa. Ƙauyen namu ƙarami ne, can bayan Gangara. 'Yan bindiga ne suka tashe mu a tsakiyar rani, da hantsi, kowa ya ɗauki abin da hannunsa ya kai ya yi ta kansa. Wasu suka yi Sabon Birni, wasu suka tsallaka Nijar, mu muka sauka gidan Kawu, ni da mahaifiyata Inna. Kawu ɗan kasuwa ne, yana kai kaya Nijar yana dawowa da wasu, ni kuma ina ɗaure buhuna ina kwancewa.

Da damina ta kankama aka liƙa wata takarda a bangon ofishin ilimi. Wata jami'a daga Sakkwato za ta aiko malamai su yi kwas na babban hutu, mako shida, a makarantar sakandaren da ɗalibanta suka tafi gida. Fanni huɗu aka jera: zane-zane, kasuwanci, harsuna da siyasa. Ni da na gama sakandare da daɗewa, zuciyata na kan kasuwanci. Kawu ya ce a'a.

"Shiga Faransanci, ka riƙa yi min tahinta gun jandarmomin Nijar. Na gaji da magana da hannu."

Ruwa ya tsare mu kwana biyu a hanyar kasuwa. Ranar da na isa wurin rajista, ajin kasuwanci ya cika, na Faransanci ma ya cika. Saura siyasa da zane. Na koma na gaya wa Inna za ni shiga siyasa, ta dube ni ta ce, "Mu da ba mu da gari, mi za mu yi da siyasa?" Haka na tsinci kaina a ajin zane.

Makarantar babba ce, mu kuwa aji huɗu kacal. Sauran azuzuwan a rufe, an jibge bencina a ciki, ciyawa ta cinye filin ƙwallo. In mun yi shiru sai mu jiyo 'yan Faransanci can nesa suna maimaita kalma ɗaya baki ɗaya, kamar masu amsa liman. Malamarmu wata gajeruwar mace ce mai tabarau, ba ta ɗaga murya. Ta raba mana gawayi da manyan fararen takardu. Mako biyu muna zana tulu, ƙwarya, tafin hannunmu. Mu goma sha ɗaya ne, uku 'yan ƙauyenmu: ni, da wani tela da ya shigo don ya ƙara koyon zanen wuyan riga, da ɗiyar ladaninmu, wadda take koyarwa a firamare kafin a tashe mu.

A mako na uku Malama ta ce kowa ya zana garinsu yadda yake tuna shi. Ta rarraba mu nesa da juna, ni a bayan aji, tela a gaba, ɗiyar ladan a jikin taga. Hadari ya haɗu, ajin ya yi duhu da rana tsaka, amma ruwa bai sauko ba. Na zana masallaci, na zana rumbunanmu, na zana tsamiya da rijiyar da ke ƙarƙashinta. Da na ɗaga gawayi na duba, sai ga mace tsaye a bakin rijiya, ta ba ni baya, igiyar guga a hannunta, kafaɗarta ta hagu ta fi ta dama sauka. Hannuna ne ya yi ta, gawayi duk ya ɓata mini yatsu, amma ban tuna lokacin da na yi niyyar sa ta ba.

Malama ta karɓi takardun ta jera a allo. Ta daɗe tsaye a gaban uku daga ciki, sannan ta kira mu.

"Wa ya kwafi na wa?"

Muka dubi takardun. Tela ya zana ƙauyen daga ƙofar masallaci, ɗiyar ladan daga zauren gidansu, ni daga gefen rumbuna. Kusurwa uku daban. A duka ukun matar na nan bakin rijiya da igiya a hannu da saukakkiyar kafaɗa, kuma a duka ukun bayanta kawai ake gani.

"To wace ce?" in ji Malama.

Tela ya ce, "Wallahi Malama ban san sadda tas shiga ba." Ɗiyar ladan ta koma wurinta ta zauna, ta rufe hannuwanta cikin hijabi.

Na roƙi takardata na kai gida. Na tarar da Inna tana tankaɗe. Ta duba sau ɗaya, ta aje rariya.

"Wagga ai Iya ce."

Iya wata tsohuwa ce kurma da ke zaune ita kaɗai a ƙarshen ƙauyenmu. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ta da ɗa ko jika, kafaɗarta ta goce tun wata faɗuwa da ta yi da ƙuruciya. Kowa Iya yake ce mata, kowa kuma yana aika mata tuwo. Inna ta ɗago kai ta ce, "Ranar da munka hito, da wa ta hito?"

Da yammacin nan ta zaga gidajen 'yan ƙauyenmu na Isa ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ce ai yana tsammanin tana tare da na Sabon Birni. Aka buga wa na Sabon Birni waya, suka ce ai sun ɗauka ta tsallaka Nijar. Na Nijar suka ce ai tana Isa. Wata huɗu ke nan. Sai a lokacin muka tuna cewa ba za ta ji ƙarar bindiga ba, balle ihun da aka yi ta yi na kowa ya gudu.

Ranar Asabar babu aji. Ni da Kawu da tela muka hau babura biyu zuwa Gangara, muka bar su a can, muka ƙarasa da ƙafa. Mun shiga ƙauyen da hantsi. Ciyawa ta kai mana ƙirji, ƙofofi a ɓalle, rumbuna sun zama toka. Ba kaza, ba kare, ko kurciya ba ta kuka. Ban gane hanyar gidanmu ba sai da na lalubo turmin Inna a kife.

Hanya ɗaya ce kawai ciyawa ba ta rufe ba, siririya, daga ɗakin Iya zuwa rijiya. Kawu ya tsaya a ƙofarta ya yi sallama sau uku, duk da ya san ko tana ciki ba za ta ji ba. Tsakar gidan a share yake. An yi ruwa jiya, amma ga sawun tsintsiya a kan damshin ƙasa. Randa cike take da ruwa mai sanyi. A bayan ɗakin gero ya yi tsawo, layi-layi, an yi masa noma tas. Murhu kuwa ciyawa ta fito a tsakiyarsa, tabarmarta a naɗe ta yi funfuna, babu alamar an hura wuta ko an kwanta a wurin tun da daɗewa.

"Mu tahi, Alhaji," tela ya ce wa Kawu. "Wurin ga bai yi min ba."

Kawu ya ce ba inda za mu sai mun duba kowane ɗaki. Muka bi su duka. Muna bayan masallaci muka ji guga ya faɗa ruwa, ƙarar da duk wanda ya girma a garin ya sani. Muka ruga. Babu kowa. Igiya na kwance a bakin rijiya, jiƙe sharkaf, ƙasa ta sha ruwa a gefenta. Na leƙa ciki, ban ga komai ba sai kawunanmu uku suna rawa a kan ruwa. Kawu ya ce wataƙila akuya ce ta ture wani abu. Ba mu ga akuya ko ɗaya ba tun shigowarmu. Muka aje mata garin gero da ƙuliƙuli a cikin ɗaki, muka fita kafin azahar, ba wanda ya waiwaya.

Ranar Litinin na ba Malama labari. Ta saurara har ƙarshe, ta cire tabarau ta goge, ta ce Allah ya kyauta, sannan ta aje ƙwarya a kan tebur ta ce mu zana. Ɗiyar ladan ta nemi a mayar da ita ajin siyasa, aka mayar da ita. Ni da tela muka ƙarasa makonninmu, aka ba mu takardar shaida.

Kawu ya ci gaba da cigiyar Iya a kasuwannin Nijar duk tafiya. Gab da kaka wani Bafillace makiyayi ya ce masa ya san ta. Kwana kaɗan bayan an tashe mu ya biyo da shanunsa, ya tarar da tsohuwa kurma zaune a bakin rijiya, ya ɗora ta a kan jaki ya tsallaka da ita rugarsu. Ya kwatanta kafaɗarta ba tare da an tambaye shi ba. Ta yi 'yan makonni a wurinsu, ta rasu kafin ruwan farko, suka yi mata sutura. Ya kai Kawu har kabarin.

Limaminmu ya ce ƙila wani ne ya ɓuya a ɗakin, mahaukaci ko wani da ya rasa wurin zuwa, kuma kada mu zurfafa. Muka taru aka yi wa Iya addu'a. Da kaka wasu mazan suka yi ƙarfin hali suka koma ƙauyen, suka yanko geron bayan ɗakinta, dami huɗu. Babu wanda ya yarda ya shiga da shi gidansa. Liman ya ce a yi wa Iya sadaka da shi. Inna ce ta ce a kawo mata. Kwana biyu tana daka ita kaɗai, ta hana kowa ya karɓe ta, ta dama fura aka raba a ƙofar masallaci ranar Juma'a. Ita ba ta sha ba.