Jar Fitilar Yaya

Shekara ashirin da bakwai Mai-Faci ya yi a rumfa ɗaya a bakin titi yana gyaran keke, kuma babban abin da sana'ar ta koya masa shi ne ƙyamar masu keke. Mutum zai zo ya tsaya a kansa sai an ɗaura masa ƙararrawa biyu da madubi da furen roba, amma da ka ce, "Fitilar baya fa?" sai ya dube ka kamar ka zagi kakarsa. Bayan wata uku a kawo keken a kafaɗa, wilin baya ya lotse kamar murfin tukunyar da aka taka. Mai-Faci ba ya tambayar me ya faru. Tsaki yake ja ya ɗauki sifana.

Abin takaicin shi ne sarkin masu wannan hali a gidansu yake. Yayansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, maigadi a wani sito can bayan gari. Kullum ƙarfe tara na dare yake kama hanya, titin da babu fitila ko ɗaya, manyan motoci kuwa ba sa ɗaga ƙafa. Fitilarsa ita ce tocila, kuma a baki yake riƙe ta, hannu biyu a kan keke. Gindin tocilar duk shatin haƙori ne, ya yi baƙi ƙirin da dauɗa. In ya sauka sai ya zare ta, yawu na dalala har gemu, ya goge a hammata ya miƙa wa matarsa ta duba tukunya da ita. Duk ranar da Mai-Faci ya ga haka, abinci ba ya shiga masa.

"Yaya, don Allah ka dubi kanka. Da furfurarka kana tsotsar tocila?"

"Ina ganin hanya ko ba na gani?"

"Kai kana gani. Wanda ke bayanka fa, yana ganinka?"

"Me na ajiye a baya? Gaba nake tafiya." Yayan ya yi dariya. "Tun kana rarrafe nake hawan keke."

A nan maganar take mutuwa kullum, domin babu yadda za ka yi da wanda ya goya ka. Amma tsoro bai bar Mai-Faci ba. Duk safiyar da ya hango an ɗauko keke an nufo rumfarsa, sai gabansa ya faɗi har sai ya ga launin fentin ba na keken yayansa ba ne.

Da ya gaji, sai ya shiga kasuwa da kansa. Ya ture fitilun nan masu haske kamar walda, masu kashe wa na gaba ido har ya faɗo maka. Ya zaɓi fara madaidaiciya ya ɗaura a gaba, ya karkatar da ita ƙasa yadda za ta nuna rami tun daga taku goma. Ta baya kuwa ja ce, mai ƙyaftawa. Bai sa ta ƙarƙashin sirdi ba, don ya san rigar sanyin yayansa za ta rufe ta, sai ya ɗaure ta a ƙarshen kariya, wurin ɗora kaya. Da duhu ya yi ya kunna, ya taka har mararraba ya waiwayo, ya gan ta tana ƙyafta ido sarai.

"Kyauta ce, Yaya. Abu ɗaya nake roƙo: kafin ka taka feda, ka danna nan."

Ya zaci za a yi musu. Sai ya ga dattijon yana shafa jar fitilar da ɗan yatsa.

"Sabuwa ce dal?"

"Sabuwa ce."

"Allah ya yi maka albarka, ɗan'uwana."

Mako uku Mai-Faci yana barci har da munshari. A na huɗu, da sassafe, matar yayansa ta iso rumfar idonta ja wur, mai kura na biye da ita da keken a kwance. Mota ce ta kwashe yayan ta baya, cinya ta karye biyu. Direban ya tsaya, shi ya kai shi asibiti, yana ta rantsuwa bai ga kowa ba sai da ya ji ƙara.

"Ƙarya yake!" in ji Mai-Faci. "Makaho ne? Ni da hannuna na..."

Sai idonsa ya kai kan keken. A ƙarshen kariya, inda ya ɗaura fitilar, wani ƙullin baƙar leda ne, an naɗe shi tam da roba. Ya sa wuƙa ya yanke robar. Leda ɗaya, biyu, uku, sannan tsumma. A can ciki jar fitilar ke ta ƙyaftawa abinta, tun daren jiya.

"Wai kada ruwa ya shige ta," matar ta ce a hankali. "Kuma kada ɓarayi su gani. Ka san halinsa da sabon abu, rediyonsa ma har yau a cikin kwali yake jin labarai."

Garin neman gira an rasa ido. Takaici ya turnuƙe Mai-Faci har ya rasa wanda zai zaga, yayan nasa ko kansa, shi da ya san mutumin shekara hamsin amma bai hango wannan ba.

A asibiti likita ya tare shi a ƙofa ya gaya masa gaskiya: dattijon zai taka da sanda, amma keke kam an gama, aikin gadi ma haka. Mai-Faci ya shiga da maganganu cike da bakinsa, ya tarar da yayansa kwance, ƙafa a ɗaure, ya ƙanƙance a cikin zanen gado.

"Na danna fa," yayan ya riga shi. "Kullum sai na laluba ta saman ledar na danna, yadda ka ce. Ban taɓa mantawa ba." Ya kamo hannunsa. "Ba ta dai fashe ba ko?"

Mai-Faci ya dubi ƙafar ya haɗiye abin da ya zo da shi.

"Ko ƙwarzane babu, Yaya."

"Alhamdulillahi," in ji dattijon, ya lumshe ido.