Kifin Kawu Sabiru a Bakin Rumbu

Kawu Sabiru tela ne a Daura, amma duk dangi da kifi suka san shi. Ba na miya ba, wani ɗan mitsitsi ne mai ɗigon ja da shuɗi, wanda ke bayyana a kududdufi da damina, ya mutu in ruwa ya ƙafe. Tun yana saurayi Kawu ya gano ƙwan na kwance cikin busasshiyar laka yana jiran ruwa.

Shekara sha biyu yana kiwonsu cikin akwatunan gilashi a bayan keken ɗinkinsa a shago. Na Mashi daban, na Dutsi daban, ko rariya ba ya haɗa musu, don in suka gauraya iri ya ɓaci ke nan.

Wanda ya fi ji da shi na kududdufin ƙauyensu ne, da aka cike aka yi shaguna. Abin da ya rage na irin kaf, laka ce kwando ɗaya da ya ajiye a ɗakin mahaifiyarsa. Damina na kawo kai ya je ɗauka, ya tarar da kwando wayam.

"Iya, ina lakata?"

"Au, mai laushin nan? Na liƙe bakin rumbu da ita."

"Ruwa kika sa mata?"

"A'a, miyau! Ji min tambaya, da furfurarka."

Ya san ƙwan da ya jiƙa ya riga ya fashe, ɗan kifin ya mutu a jikin rumbu. Sai ya tuna ba duk ƙwai ke fashewa a jiƙon farko ba.

"Kin haɗa da wata ƙasa?"

"Tsagwaronta na sa. Ni ba na ha'inci."

Kafin ta rufe baki yana saman tsani, yana kankara da wuƙa, Iya na faɗa a ƙasa cewa zai buɗe wa ɓera geronta. Ya zuba lakar a baho, ya kwara ruwan sama daga randa, ya tsuguna. Azahar ta wuce shiru. Gab da la'asar wani abu kamar tsinken allura ya wulga, sai wani, sai wani.

"Allahu akbar! Iya, zo! Sha tara, wallahi sha tara!"

Ta leƙa, ta taɓe baki. "Waɗannan? Ko kyanwa ba za ta kalle su ba."

Amma ita ta ɗauko bokitinta mai murfi. Kawu ya rungume shi a bayan ɗan acaɓa, yana ta "a hankali, malam, a hankali!" Sai a ƙofar shago ya lura ba takalmi a ƙafarsa.