Mai Tsotse Mini Batiri

Motar da maigidana ya rasu ya bar mini tsohuwa ce, batirinta ma ya shiga shekara ta huɗu a lokacin da abin nan ya faru. Ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, da ke bakin garin Tahoua, da motar nake zuwa aiki. Marigayin ne ya koya mini kula da batirin, don ya ce zafin Adar ba ya barin batiri ya tsufa da mutuncinsa. Kowace Alhamis da la'asar nakan ɗaga murfin gaba, in kwance marufan batirin guda shida, in leƙa ko ruwa ya rufe farantan ciki. Idan ya ragu in ƙara. Farin garin da ke taruwa a kawunan batirin biyu, inda ake jona waya, in wanke shi da ruwan zafi da ɗan kanwa, in shafa giris, in ɗaure da kile, wato sifana, lamba goma. Maƙwabta sun yi mini dariya har suka gaji.

Duk da wannan hidima, da bazara ta shigo sai motar ta fara ƙin tashi. In murɗa makulli ta yi ƙas-ƙas, ta yi shiru. Na kai batirin wurin wani dattijo mutumin Maraɗi, mai rumfar caji kusa da tasha. Ya wuni a wurinsa, na karɓo, mota ta tashi garau. Bayan mako biyu ta sake. Da aka yi na uku, zuciyata ta fara saƙe-saƙe.

Wata abokiyar aikina ce ta ƙara mini. Ta ce masu caji idan sun ga mace, musanya mata suke yi da mataccen batiri, ko su zuba ruwan rijiya su ce na kwalba ne. Ran nan na sami ƙusa na yi zane uku a gefen batirin, inda ido ba ya saurin kaiwa. Da na kai shi kuma na ƙi tafiya. Na zauna a benci ina kallon hannun dattijon, duk inda ya juya idona na biye da shi. Kwalbar ruwansa ma sai da na ɗauka na sunsuna.

Da ya gama awo sai ya ce:

"Madam, batirin ga ya tsufa, amma ba tsufa ka kashe shi ba. Wani na tsotse shi har ƙasa."

Na ce, "Wa zai tsotse shi, Malam? Daga ni sai ƙanena ka taɓa motar."

Ya jawo batirin gabana, ya nuna mini kawunan. Duk sun yi sawun haƙora, irin na maƙalar waya.

"Ai naka wayoyin ma haƙora gare su," na ce masa.

Ya dube ni, ya dubi gefen batirin inda na yi zane, ya sa babban yatsa ya shafa wurin. "Na ga shaidar da kika yi tun ɗazu. Ɗauki kayanki, Madam. Ki gwada wani wuri."

Na ɗauka na tafi, ina ce wa kaina mai gaskiya ba ya saurin fushi.

Ƙanen nawa magidanci ne, yana da shagon hatsi a kasuwa. Duk mako biyu yakan ari motar ranar Juma'a bayan masallaci, ya kai wa mahaifiyarmu cefane a ƙauyenmu da ke hanyar Tebaram, ya dawo Asabar da yamma. Ban taɓa kawo shi a raina ba. Amma maganar dattijon ta ƙi barina. Na zauna na tuna ranakun da motar ta ƙi tashi, sai na ga duk Litinin ce, kuma duk bayan tafiyarsa.

Da ya dawo da ita a karo na gaba na fita na zagaya ta. Ƙurar hanya ta rufe ta, a bayanta kuwa ga sawun tafin hannu nan birjik, wasu kan wasu, yawanci ƙanana irin na mata. An tura ta ke nan, kuma ba mutum ɗaya ko biyu ba.

Na tambaye shi, "Mota ta ba ka wahala a hanya?"

"Ko kaɗan, Yaya. Lafiya lau ta je ta dawo."

Bai dube ni ba da ya faɗa. Daga nan babu irin tunanin da ban yi ba. Na ce ko haya yake yi da ita tsakanin ƙauyuka. Na ce ko yana cire batirina ya ara wa wani mai mota. Har na yi tunanin ko wata yake nema a ɓoye, yana zama da ita a mota rediyo na ta kiɗa.

Juma'ar da ta zagayo ya zo karɓar makulli, ya tarar da ni da mayafi da jaka.

"Ina zuwa, Yaya?"

"Gaida Inna. Ko da wani abu?"

Ya ce babu. Amma tun daga fitarmu gari yake kawo dalili: hanya ta lalace, zafi zai dame ni, ga takardun 'yan aji ban gama dubawa ba. Na ce ya dai ja mu tafi.

Muna tsayawa a ƙofar gidanmu na ƙauye, kafin ya kashe mota, mata suka fara fitowa daga lunguna. Ta gaba tana ɗauke da kwanon sha cike da salula, wasu an ɗaure su da roba, wasu an naɗe da ƙyalle don a gane mai su. Wata na jan igiyar waya mai baki da yawa, da maƙala biyu a ƙarshenta. Da suka hango ni sai suka ci birki. Mai kwanon ta mayar da shi bayanta.

Inna ce ta fito ta raba gardama. "Ke wagga, kada ki ga laihinai. Ni na sa shi."

Ta zaunar da ni a tabarma ta yi mini bayani. Rabin mazan ƙauyen suna bida, wato ci-rani, wasu a Abidjan, wasu a Libiya, kuma ranar Juma'a da Asabar suka fi kira. Mai caji ɗaya da ake da shi injinsa ya lalace tun kaka. Sai ƙanena ya riƙa jona musu a batirina, mota a kashe don kada mai ya ƙare, tun daga isowarsa har washegari. Idan zai tafi su taru su tura shi.

"To mi ya hana a gaya mini?"

"Mun san ki da motar ga," in ji Inna. "Ko ƙuda ba ki so ya sauka kanta."

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba, kuma ƙaryar ta fi batirin yi mini ciwo. Sai dai ga mata tsaye a rana, ɗaya cikinsu 'yar baffana ce, wata uku ba ta ji muryar mijinta ba. Na tashi na ɗaga murfin da kaina, na jona musu, na ce a bar mota tana aiki awa ɗaya, a huta, a sake.

Litinin na koma rumfar dattijon na ba shi haƙuri. Ya ce ya yafe, amma bai nuna mini benci ba, kuma daga ranar duk abin da zai zuba sai ya miƙo mini kwalbar ya ce in duba. Batirin bai kai ƙarshen damina ba, na sayi sabo. Ƙanena kuwa ya riƙe a ransa cewa na bi shi kamar ɓarawo. Wata biyar bai sake aron motar ba, a motar kasuwa yake kai cefanen. Ni ce na koma zuwa ƙauyen duk mako biyu, har mazan da ke bida suka haɗu suka aiko wa matansu da faranti mai aiki da hasken rana.